Gefe ɗaya ko gefe biyu? Abin da za ka rubuta kafin ka ƙirga ƙwaya ko ɗaya

Da damina ta ɗauke, masu lambu a bakin Mayo Tsanaga suka shiga gyaran fangali don zuba irin albasa, sai ga kawuna a ƙofar gidana a nan Marwa da gwangwanin iri a aljihun riga. Ƙungiyarsu ta manoma ta haɗa kuɗi ta sayi iri mai yawa a hannun wani dila, kuma takardar da ya ba su ta ce kashi 85 cikin 100 zai tsiro. Hankalin Kawu bai kwanta ba. Irin albasa ba ya jure ajiya, balle a zafi irin namu. Wanda ya shekara a shago, ido ba zai bambanta shi da sabo ba, sai an zuba an jira.

"Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi," in ji shi, "duba mana, mutumin nan ya cuce mu ko bai cuce mu ba?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana goma sha biyu da faranti huɗu."

Na sa aka ɗebo iri daga gwangwanaye daban-daban, na sama da na ƙasan kwali, aka gauraya. Na ƙirga ƙwaya 400, na shimfiɗa ɗari-ɗari a kan tsumma a kowane faranti, kamar yadda ɗakunan gwajin iri suke yi. Amma kafin na yayyafa ruwa, na zauna na rubuta layi biyu a bayan wata ambulan, na sa kwanan wata, na ba Kawu ya ajiye. A kan waɗannan layuka biyu ne, waɗanda su ne farkon gwajin hasashe a ilimin ƙididdiga, nake ganin ɗalibai suna tuntuɓe kowace shekara, tun daga 'yan shekarar farko har masu rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundare, waɗanda ke zuwa mini da dare da takardunsu.

Layi na farko shi ne hasashen asali, wanda ake rubutawa H0. Shi ne maganar da aka tarar a zaune, wadda ba a kore ta sai da hujja. A nan, maganar dila ce:

H0: p = 0.85

Harafin p yana nufin kason da zai tsiro a cikin ɗaukacin irin da ƙungiya ta saya, miliyoyin ƙwayoyin da babu mai iya ƙirgawa. Abin da zai fito a farantaina huɗu wani abu ne daban, ana sa masa hula a kai, p̂, kuma ba a yin hasashe a kansa, tunda shi ido zai gan shi. Duk ɗalibin da ya rubuta H0 da lambar da ya samo daga samfurinsa, ya ɗaura wa kaza sirdi. Alamar daidai kuma kullum a H0 take zama. Wasu littattafan Faransanci sukan rubuta p ≥ 0.85 a wurin, wasu p = 0.85, kuma kada wannan ya tayar maka da hankali, domin lissafin da 0.85 ake yin sa ko ta yaya. (Su ma waƙafi suke sawa, 0,85. Ni ɗigo zan yi amfani da shi.)

Layi na biyu shi ne H1, maganar da za a karɓa idan hujja ta kori H0, wadda nake kira kishiya a aji, don sunan ya zauna a kan yara. H0 uwargida ce, H1 kuwa ita ke jiran a ce uwargida ta yi laifi. Tarihinsu ma da ɗan kishi a ciki. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya raɗa wa H0 suna a 1935, kuma bai ga buƙatar wata kishiya ba. Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka shigo da ita a rubuce-rubucensu na 1928 da 1933, kuma Fisher da Neyman sun shafe shekaru suna jifan juna da magana a kan haka.

To, kishiyar nan fuska uku take iya ɗauka: p ≠ 0.85, ko p < 0.85, ko p > 0.85. Wato p bai yi daidai da 0.85 ba, ko ya gaza shi, ko ya fi shi. Ta farko ita ce gwaji mai gefe biyu, abin da malaman jami'a ke kira bilatéral da Faransanci. Sauran biyun gwaji mai gefe ɗaya ne, unilatéral. Dole ka zaɓi ɗaya, kuma zaɓin yana iya juya hukunci baki ɗaya da ƙidaya iri ɗaya.

Bari mu ga yadda ta kaya a farantaina. Idan maganar dila gaskiya ce, abin da ake sa ran gani shi ne 340 cikin 400. Sai dai ba a sa ran ya faɗo daidai a kan 340, kamar yadda mudu biyu na gero daga buhu ɗaya ba za su zo da ƙwaya daidai wa daida ba. Akwai ma'aunin wannan tangaɗi: a ninka 400 da 0.85 da 0.15, a samu 51, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 51, wato kimanin 7.14. Ke nan kaucewar ƙwaya bakwai sama ko ƙasa ba labari ba ce. Tambayar ita ce nisan da ƙidaya za ta yi daga 340 kafin mu ce wannan ya wuce dace.

An saba ware kashi 5 cikin 100 a matsayin kasadar da mutum ya yarda ya ɗauka ta zargin mai gaskiya. Ita ce ake kira alfa. Mai gefe biyu yana raba ta, biyu da rabi a kowane ɓangare, don haka sai ƙidaya ta kauce da ninki 1.96 na ma'aunin nan, wato ƙwaya 14. Zai kori H0 idan aka samu 326 ko ƙasa, haka kuma idan aka samu 354 ko sama. Mai gefe ɗaya na ƙasa yana tattara kashi biyar ɗin duka a ɓangare guda, ninki 1.645 ya ishe shi, wato ƙwaya 12 idan an cike, don haka 328 ko ƙasa ta wadatar. Abin da ya faru a sama kuwa, ko 400 ne suka tsiro, ba ruwansa.

Rana ta goma sha biyu na ƙirga, na sake ƙirgawa: 327.

Kaucewar ƙwaya 13 ce, in an raba da 7.14 a samu 1.82 ta ƙasa. A gwaji mai gefe ɗaya, yiwuwar a samu ƙidaya mai muni haka alhali dila na da gaskiya kimanin kashi 3.4 cikin 100 ce, ƙasa da biyar, don haka H0 ta faɗi. A gwaji mai gefe biyu, lambar nan ninkawa take yi ta koma 6.9, sama da biyar, H0 ta tsira. Faranti ɗaya, ƙwaya ɗaya, hukunci biyu. Da a ce ban rubuta komai a ambulan ba, da a ranar ina da damar zaɓen hukuncin da zai faranta wa Kawu rai, kuma wannan dama ita ce babbar ɓarakar wannan fanni.

Abin da na rubuta shi ne H1: p < 0.85. Dalilina kuwa ba wai na zargi dilan tun farko ba ne. Na tambayi kaina abu ɗaya: in ƙidaya ta fito sama da 340 sosai, me ƙungiya za ta yi wanda ya bambanta da abin da za ta yi in ta fito daidai 340? Babu. Ko iri ya cika alkawari ko ya wuce, zuba shi za su yi su yi wa Allah godiya. Ba wanda zai koma shago ya ce ga ƙarin kuɗi, irinka ya fi yadda ka faɗa. Tunda ɓangaren sama ba ya haifar da wani mataki na daban, ajiye masa rabin alfa asara ce. Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya riƙe, kuma ta fi ƙarfin abin da mutum yake tsammani ko fata.

Ribar gefe ɗaya ta gaske ce, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. A ce ainihin kason irin 80 ne, ba 85 ba. Gwaji mai gefe ɗaya zai kama shi kimanin sau 85 cikin 100, mai gefe biyu kuwa bai cika kai sau 80 ba. Ta fuskar wahala, mai gefe ɗaya yana rage maka kamar kashi ɗaya cikin biyar na girman samfurin da kake buƙata don samun ƙarfi iri ɗaya. Ga mai shimfiɗa ƙwaya a tsumma wannan ba komai ba ne. Ga ɗalibar da ke biyan ɗan acaɓa daga ƙauye zuwa ƙauye tana cike takardun tambaya, gida 400 maimakon 500 kuɗi ne da kwanaki. Duk da haka, dubi iyakokin nan da kyau: 326 da 328. Ƙidaya biyu kacal, 327 da 328, su ne inda gwaje-gwajen biyu suka saɓa a ɓangaren ƙasa. Dace ne kawai ya jefa mu a wannan ɗan tsukin.

Tsadar gefe ɗaya kuma sai ta zo kake ganinta. Ƙanwata, wadda ke karatun lafiyar al'umma, ta zo mini da tsarin bincikenta a kan gidan sauro. Tana so ta ga ko yawan gidajen da ke kwana cikin gidan sauro ya ƙaru a wasu ƙauyuka bayan an yi rabo da wayar da kai. Ta riga ta rubuta H1 da alamar "ya fi".

"Yaya, ai ba yadda za a yi ya ragu," ta ce. "Kyauta fa aka raba."

Na ce mata mu yi misali da lambobin da muka ƙirƙira. A ce kafin rabo kashi 60 ne, ta zagaya gida 200. In ba abin da ya canja, za ta sa ran 120, da tangaɗin kimanin 6.93. Sai ta dawo da 100, wato rabi. Wannan kaucewa ce ta ninki 2.89 zuwa ƙasa, kuma a gwaji mai gefe biyu yiwuwar dace ya kawo haka bai wuce 4 cikin 1,000 ba. Labari ne babba, irin wanda jami'in lafiya zai bar kujerarsa ya je ya gani. Amma da alamar da ta rubuta, abin da kawai za ta iya cewa shi ne ba a samu hujjar ƙaruwa ba. Ta toshe wa kanta baki tun kafin ta fita. Kuma wa ya ce ba ya raguwa? Wanda ya taɓa kwana a Marwa cikin watan Afrilu ya san yadda mutum ke yaye gidan sauro ya fito tsakar gida, kuma duk mun sha ganin gidan sauro an kewaye yabanya da shi a lambu don kaji da awaki. Ta yi shiru, ta ja biro ta mayar da alamar ≠.

Bambancin da ke tsakanin ta da Kawu ke nan. Shi ɓangare ɗaya ne kawai zai sa ya ɗaga ƙafa. Ita kuwa kowane ɓangare yana da abin da zai biyo baya: in ya ƙaru a yaba a ci gaba, in ya ragu a binciki dalili. Yawancin binciken da ake yi don neman sani haka yake, shi ya sa in ka rasa tabbas, gefe biyu ya fi maka. Masu duba kundi ba sa tuhumar wanda ya zaɓi gefe biyu, amma wanda ya zo da gefe ɗaya sai ya yi bayani. A gwajin magunguna ma an toshe ƙofar: ƙa'idar haɗin gwiwa da hukumomin Turai da Amurka da Japan suka amince da ita a 1998 ta fi son duk mai gwaji ta gefe ɗaya ya yi da rabin alfa, wato kashi 2.5, yadda ba wanda zai samu rangwame ta hanyar sauya alama.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Wanda ya jira ya ga inda ƙidaya ta karkata sannan ya juya alamarsa can, yana da kashi biyar a sama da kashi biyar a ƙasa. Kasadarsa ta gaskiya goma ce, ya rubuta biyar. Kamar maharbi ne da ya saki kibiya, ya bi ta, ya zana da'ira inda ta faɗi. Akasarin masu yin haka ba maƙaryata ba ne, sun dai ga 0.069 a kwamfuta, zuciya ta raya musu cewa ai dama can abin da suke nufi ke nan. Maganin abin mai arha ne: rubuta H0 da H1 da alfa, sa kwanan wata, ba wani ya riƙe. In ɗalibi ne, ka tura wa malamin da ke duba ka ta WhatsApp tun kafin ka fita tattara bayanai.

Yanzu ga wurin da na fi so a daɗe, domin a ganina ya fi gardamar gefe ɗaya da gefe biyu nauyi nesa ba kusa ba, kuma littattafai sukan wuce shi da sauri. Ko ka yanke cewa gefe ɗaya za ka yi, saura ka faɗi wane gefen. Na zaɓi p < 0.85, amma p > 0.85 ma tana nan, kuma ita ma tambaya ce mai ma'ana a kan gwangwanin nan.

A gaban alƙali, wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida, wanda ya musa rantsuwa ce tasa. Haka abin yake a nan. Duk maganar da ka sa a H1 ita ke ɗauke da nauyin hujja, wadda ke H0 kuma tana cin ribar shakka. Da na rubuta p < 0.85, na ɗora nauyin a kan ƙungiya: dila mai gaskiya ne har sai faranti ya nuna akasin haka, kuma sai ƙidaya ta sauka 328. Da na rubuta p > 0.85, nauyin ya koma kan dila: ba a yarda da irinsa ba sai ya nuna ya haura 85, kuma sai ƙidaya ta kai 352. Dubi filin da ke tsakani, daga 329 har 351. Ƙidaya 23 ke nan, kuma a cikinsu duka ba faranti ke yanke hukunci ba, wanda aka ɗora wa nauyi shi ke faɗuwa. A nan ne mafi yawan sakamako ke sauka. Kwatanta wannan da ƙidaya biyun da muka gani ɗazu.

Kowane tsari da wanda yake cuta. A na farko, dilan da irinsa kashi 83 ne, wato ya gaza alkawari, zai tsira kimanin sau biyu cikin uku, domin ƙwaya 400 ba su isa su bambance 83 da 85 a kai a kai ba. A na biyu, dilan kirki mai iri kashi 87, wanda ya cika alkawari har da ƙari, za a mayar masa da kayansa kimanin sau bakwai cikin goma. Sai mai kashi 90 ne zai wuce da kwanciyar hankali, fiye da sau tara cikin goma. Lissafi ba zai gaya maka wanne ya fi adalci ba. Sai ka duba wace asara ce ta fi zafi, kuma a kan wa za ta faɗa.

A wancan karon an riga an biya kuɗi, iri yana hannu, abin da ya rage shi ne ko a je a tsaya a gaban mutum a ce ya yi ha'inci. Wannan magana ce mai nauyi a kasuwar da kowa ya san kowa, kuma ƙungiya ce mai ƙara, don haka ita ya kamata ta kawo hujja. Shi ya sa na zaɓi ƙasa. Amma da Kawu ya zo mini kafin a biya, da na juya alamar. Manomin da ya zuba mataccen iri ba ya ganewa sai bayan mako biyu, lokacin dashe ya matso, sanyin da albasa ke so yana tafiya, ga kuɗin man injin ban ruwa ya riga ya ƙone. Dila kuwa in an ƙi kayansa, wani mai saye zai nema. Inda asarar ɓangare ɗaya ta fi girma haka, wanda ke son a karɓi kayansa shi ya kamata ya nuna ingancinsu. Haka masu sayen magani ko maganin feshi suke tunani, kuma daidai ne.

Akwai kuskuren harshe da ke biyo bayan wannan, wanda nake ja wa jan layi a kusan kowane kundi. In H0 ta tsira, sai ɗalibi ya rubuta "an tabbatar cewa kason 85 ne". Ba a tabbatar da komai ba. Da ƙidayarmu ta fito 332, da ban ce wa Kawu irin yana da kyau ba, da na ce hujjarmu ba ta isa mu yi zargi ba. Wanda alƙali ya sallama don shaidu sun kasa, ba lallai ne bai ɗauki akuyar ba.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne, kuma ba su da alaƙa da gefen da ka zaɓa. Lissafin 1.96 da 1.645 yana aiki ne idan samfur ya isa: a ninka yawansa da kason H0, a kuma ninka shi da ragowar, kowanne ya kai 10 (wasu littattafai sun ce 5). Namu 340 ne da 60, ba matsala. Wanda ke gwada abu mai wuyar samu, kamar kashi 2 cikin 100 a samfurin mutum 100, ya bar wannan hanya ya koma lissafin binomiyal kai tsaye, wato lissafa yiwuwar kowace ƙidaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ɗiban samfur ya zama na gaskiya. Da dila ne ya zaɓo mini gwangwani ɗaya da hannunsa, da duk abin da na lissafa a sama shirme ne. Kuma wajen auna tangaɗi, da lambar H0 ake yi, 0.85, ba da abin da faranti ya bayar ba.

In zan ba ɗalibi shawara a tsaye a bakin ƙofa, ga ta. Kana neman sanin ko abu ya canja, ko ƙauyenku ya bambanta da wani adadi da aka sani, ko jarirai maza da mata daidai ake haifa a wani asibiti? Gefe biyu, ba tare da dogon tunani ba. Kana duba ko an cika wani alkawari ko wata iyaka, kuma wuce iyakar ba ya jawo komai? Gefe ɗaya ya halatta, muddin ka rubuta shi tun farko, kuma ka shirya yin shiru in sakamako ya ɓullo ta bayanka. Daga nan sai ka tambayi kanka wa kake ɗora wa nauyin hujja, ka kuma iya faɗin dalili da baki, ba da alama kaɗai ba. In malamin da ke duba ka ya nace a kan gefe biyu, bi shi, abin da za ka rasa kaɗan ne.

Wani abu kuma da ya fi hukuncin amfani ga Kawu shi ne kintacen inda gaskiyar take. Kashi 81.75 muka gani, kuma tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakoki biyun da ake kyautata zaton ainihin kason yana tsakaninsu, ta kama daga kimanin 78 zuwa 85.5. Lura cewa 85 tana ciki, da ƙyar, wanda ya yi daidai da abin da gwaji mai gefe biyu ya faɗa, domin tazarar nan 'yar'uwarsa ce. Na faɗa wa Kawu wannan ma, ban ɓoye ba: hujjarmu ta tsallake layin da muka ja, amma da tafin ƙafa ɗaya. Na ce su ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma a kan irin da suka saba zubawa a kowane fangali, su kuma je wa dilan da lalama.

Sun je su uku, da ambulan da hotunan farantai a waya. Dilan ya fara da cewa tsumma ba ƙasa ba ce, sannan ya ce wa ya san irin ruwan da aka zuba. Da ya ga kwanan watan da ke jikin ambulan ya riga ranar ƙidaya da kwana goma sha biyu, sai ya sassauta, ya ƙara musu 'yan gwangwanaye aka rabu lafiya.

Bana kafin a biya ko sefa ɗaya suka zauna da shi. Kawu ya ce a rubuta cewa za a gwada ƙwaya 400 a gaban kowa, in ba su kai 352 ba babu ciniki. Dilan ya ce wannan zalunci ne, shi 85 ya yi alkawari, kuma 85 na 400 ai 340 ne. Aka yi ta ja kamar cinikin sa a kasuwar dabbobi, har aka tsaya a 346, lambar da ba ta cikin jadawalin kowane littafi. Da Kawu ya kira ni, na zauna na lissafa masa: iri mai kashi 83 zai wuce ƙasa da sau 4 cikin 100, mai 85 daidai kamar sau ɗaya cikin biyar, mai 87 kusan sau biyu cikin uku, mai 90 kuwa kusan kullum.

"To ya yi?" in ji shi.

Na ce, "Ya yi, Kawu. Amma ku tabbata ku ne za ku ɗebo ƙwayar, kuma daga ƙasan kwali."